Kwamfutar da Take Ƙin Tashi

A wani gari an yi wani mutum mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Jarinsa duka kwamfuta ɗaya ce, irin ta kan tebur, da ita yake ciyar da gidansa. Yana da ƙanwa mai suna Lai'atu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, sai ya ɗauke ta tana taya shi aiki.

Ana nan sai kwamfutar ta ɓullo da wani hali. Wata safiya a danna ta, ta tashi lafiya lau. Wata safiyar kuma fankar cikinta ta yi ta juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Ya canza soket, ya canza waya, ya gwada da wutar janareta. In ta tashi ya ce ya gano matsalar, kashegari ta sake ƙi. Masu kawo aiki suka fara tsallakawa zuwa shagon da ke fuskantar nasa.

Sai mutumin ya ce a zuciyarsa, "Abu ba ya mutuwa yau ya farfaɗo gobe don kansa. Da hannun wani a ciki." Ya duba, ba mai taɓa ta sai shi da Lai'atu. Ya kuma tuna ya taɓa ganinta tana gaisawa da mai shagon tsallake, har da dariya.

Tun daga ranar ya sa mata ido. In tana share tebur, ya bi hannunta da kallo. In ta fita sayen abinci, ya leƙa ya ga inda ta nufa. Bai tambaye ta kome ba. Ya karɓe makullin shago, ya kuma shiga ɗaure kwamfutar a bayan babur kowace yamma yana tafiya da ita gida, hanyar unguwarsu kuwa duk ramuka ne da duwatsu. Abin da dā jefi-jefi yake faruwa ya koma kusan kullum. Mutumin ya ce, "Ashe ba da hannu kaɗai take yi ba. Har da asiri."

Ran nan mutane suna tsaye suna jiran aikinsu, kwamfutar ta ƙi. Ya juya a fusace ya ce, "Lai'atu, me aka ba ki kika binne mini a shago?"

Ta ce, "Yaya, ni?"

Ya ce, "Ke fa."

Ta ce, "Nono ɗaya muka sha. Abincin 'ya'yana daga nan yake fitowa. In na kashe kwamfutar, me zan ba su?"

Ya kau da kai. Ta ɗauki jakarta ta fita tana share hawaye.

Lai'atu ta tafi, kwamfuta ba ta daina ba. Da abin ya ishe shi, ya kai ta wurin mai gyara. Mai gyara ya buɗe murfin, ya nuna masa wani ɗan siririn falle da suke kira ram, wanda ya zame daga mazauninsa. Ya danna shi da yatsa, ya shiga ƙas, kwamfuta ta tashi. Ya ce, "Dā ma ya ɗan saki, shi ya sa take yi tana bari. Amma wannan ta sha jijjiga. Yawo ake yi da ita ne?"

Nan take mutumin ya tuna hanyar unguwarsu. Bai koma shago ba, ya zarce gidan ƙanwarsa, ya same ta tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Ya durƙusa ya faɗa mata kome. Ta ce, "Na yafe maka, Yaya, don mu ma Allah yana yafe mana. Amma a gaban mutane ka kira ni mai asiri. Ƙafata ba za ta iya taka shagon nan ba tukuna." Ya koma shi kaɗai.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Kwamfutar ita ce zamanmu, a gida ko a ikkilisiya. Fallen da ya saki shi ne ƙaramar matsalar da ke ɓoye a ciki, wadda ba a gani sai an buɗe. Hanyar nan mai ramuka kuwa ita ce zato. Duk ranar da mutumin ya bi ta don ya tsare kayansa, ƙara ɓata shi yake yi, ya kuma ɗora laifin a kan wadda ba ta san hawa ba.

Ya 'yan'uwa, in abu ya ƙi tafiya a gidanka, buɗe ka duba ciki kafin ka nuna wani. Roƙi Ubangiji ya bincike zuciyarka tukuna. In kana da damuwa da ɗan'uwanka, ka same shi ku biyu ka tambaye shi cikin ƙauna. Yatsa ɗaya ya gyara kwamfutar nan, amma zuciyar Lai'atu, ko durƙuson yayanta bai gama gyara ta ba.