Tulun Waziri Kaliyas

"Ni na ce ka fasa shi?"

"Ke kika yi dariya!"

"Haba maigida, ni na zana hancin? Magini abin da ya gani ya zana."

Masu wannan cacar baki su ne Waziri Kaliyas da matarsa Melita, a zamanin da, a wani tsibiri na ƙasar Yunan, inda duwatsu suka fi gonaki yawa, itatuwan zaitun suka girmi kakan kowa, kuma duk inda ka juya teku ke kallonka. Tsakar gidansu cike take da tsingaro, man zaitun na malala har bakin ƙofa.

Ga mafarin abin. Al'adar mutanen nan ce, wanda ya ci gasa a ba shi tulun man zaitun, a zana surarsa a jiki. A shekarar nan Timon, Sarkin Ruwa, shi ya ci tseren jirage. Aka zana shi riƙe da matuƙi, ƙirji kamar ƙyauren birni. Tun daga ranar fada ba ta da zance sai nasa. Sarki ya yi atishawa, "Ina Timon?" Sarki ya ga hadari, "A tambayi Timon." Waziri kuwa yana gefe yana murmushi, hassada na cin sa.

Da abin ya ishe shi, sai ya sa magini ya gina masa tulun da ya ninka na Timon, da fuskarsa a jiki. Aka kawo tulu cike da man zaitun. Melita ta zagaya shi, ta tsaya daidai hancin, ta shaƙe murya irin ta mijinta, ta ce, "A gaya wa Sarki hancina ya iso fada, ni ina tafe." Nan take Waziri ya ɗauki taɓarya.

Ana cikin wannan cacar sai suka ji mai shela: Sarki ya sa ranar tsingaro. Ita ma al'adarsu ce. Sau ɗaya a shekara maza su taru a kasuwa, kowa ya karce sunan wanda yake ganin ya yi wa gari girma a kan tsingaro, ya jefa a kwando. Wanda nasa ya fi tudu ya bar tsibirin shekara goma, ba a taɓa dukiyarsa, ba a kuma jin ta bakinsa.

Waziri ya dubi ɓarnar da ya yi, sai ya ga ashe arziki ne.

Ya zauna da barorinsa suka yi ta karce sunan Timon a cikin kowane ɓari. Da ya ɗauki wani babba, Melita ta ce, "Maigida, bar wannan. Ko makaho ya shafa ya san mai shi."

"A bar ƙuri'a guda ta tafi a banza? In ita ce za ta kore shi fa?"

Ranar taro barori suka tare makiyayan da suka gangaro daga kan duwatsu, waɗanda ba su iya rubutu ba, suna miƙa musu tsingaron suna cewa, "Ga shi an hutar da ku." Wani ya karɓi uku, wani ya cika haɓar riga.

Aka zazzage kwanduna a gaban Sarki. Na Timon ya yi tudu har gwiwa. Timon yana kallon tashar jirage. Waziri ya dafe ƙirji, ya langaɓar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, raina ya ɓaci. Ɗan'uwana ne na jiki. Amma jama'a ta yi magana." A ransa kuwa har ya fara tunanin inda zai ajiye kujerarsa.

Sarki ya ɗauki tsingaro guda, ya juya bayansa, sai ga ido yana kallonsa. Ya ɗauki wani, sai ga kunne. Sa'an nan ya ce, "Waziri, kai ne mai hikimarmu. Mutane sun fito daga gidaje barkatai, amma tulunsu ɗaya ne. Wane irin gari ne wannan?"

Waziri ya ce, "Gari mai haɗin kai, ranka ya daɗe."

"Madalla. To, in mutum ɗaya ya ari bakin jama'a ya yi magana da shi, mene ne hukuncinsa?"

"Ya sha abin da ya dama," in ji Waziri, muryarsa ta koma kamar ta ɗan akuya.

Sarki ya sa aka kawo danƙo, aka shiga haɗa ɓari da ɓari. Tulu ya soma tashi daga gindi. Ga gemu, ga baki, ga goshi, tsakiyar fuska kuwa rami. Zuciyar Waziri ta ɗan kwanta, don fuska marar hanci ta kowa ce. Sai wani bafade ya tono babban ɓarin nan daga ƙasan tarin, ya ɗora shi a ramin, ya zauna daram.

Kasuwa ta ɗauka baki ɗaya, "Waziri!" Can baya aka ji wata mace ta shaƙe murya ta ce, "Hanci ya iso fada."

Sarki ya miƙe ya ce, "Timon yana nan a kan sarautarsa. Makiyaya su koma ga awakinsu, gobe a fara koya musu rubuta abin da ke ransu. Kai kuwa Kaliyas, ka yanke wa kanka hukunci: shekara goma. Sarkin Ruwa ne zai ƙetare da kai a jirginsa. Kana da abin cewa?"

Waziri ya dubi Timon, ya dubi tulun da ke tsaye cikin ɗaurin danƙo, ya gyara mayafinsa.

"Ranka ya daɗe, a dai duba da adalci. Nawa ya fi nasa girma."