Hannun Makanike da Jinin Kunnuwa

Akwai wani makanike da ake wa laƙabi da Nan-Take, don komai ka kawo masa zai ce maka, "Ai nan take ne." Mutum ne mai zafin nama, bai san zama ba, balle jira.

Mahaifinsa ya tsufa, idanunsa sun tafi. Kullum yakan zo garejin ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota, yana sauraron ƙarar guduma. Mai kawo shi kuwa wani jan kare ne da suke kira Kunnuwa. Shi ke gaba, tsoho na riƙe da igiya, su tsallake kwata su kauce wa ramuka. In ba Kunnuwa, Baba ba ya ko leƙa ƙofar gida.

Ran nan da hantsi, Nan-Take ya cire fasasshen gilashin wata mota ya jingine a bango, wai sai anjima ya kwashe. Wani injin ya yi tari da ƙarfi, kare ya firgita ya daka tsalle, ya faɗa kan gilashin.

Wayyo! Kukan da karen nan ya yi, ko maƙiyinka ba ka so ya ji. Ƙafar gaba ta tsage, jini na zuba kamar an buɗe famfo.

"Me ya samu Kunnuwa?" Baba ya miƙe yana lalube. "Kai, ina magana!"

"Ba komai, Baba, zauna."

Ba komai ina! Nan-Take ya kai hannu, karen da bai taɓa yi masa ko gurnani ba ya kawo masa cizo. Mutane suka taru. Wannan ya ce a zuba man birki, wancan ya ce gishiri, wani ya ce ƙasa. Kowa likita ne da baki, amma ba wanda ya matso.

Har ya ɗauko robar man birkin, sai ya tuna da wata likitar dabbobi da yake gyara wa mota. Ya kira ta a waya.

"Ajiye man nan, ƙona naman zai yi," in ji ta. "Ka ɗaure masa baki da ƙyalle, ba da ƙarfi ba, zafi ne ke sa shi cizo. Sannan ka sami tsumma mai tsabta ka danne ciwon. Ga ni nan tafe, amma hanya a cunkushe take."

Tsumma mai tsabta a gareji? Duk wanda ya ɗauko baƙi ƙirin da mai. Sai Baba ya tuɓe farar rigarsa ya miƙo ta ba ma ta inda ɗan yake ba.

Nan-Take ya ɗaure bakin karen, ya karɓi rigar ya danne ciwon. Ko numfashi uku bai yi ba ya ɗaga ya duba. Jini ya ɓalle. Ya sake dannewa, ya sake ɗagawa. Ai hali zanen dutse: mutumin da ya saba buɗe inji ya leƙa, ta yaya zai rufe abu ya ƙyale?

"Likita, ba ya tsayawa!"

"Kana ɗagawa, ko?"

Ya yi sauri ya mayar da rigar kan ciwon.

"Duk ɗagawar da ka yi, ka rushe abin da jinin ya fara haɗawa. Kada ka ƙara. In rigar ta jiƙe, ka ɗora wani ƙyallen a kai. Ka danne kawai."

"Shi ke nan? Ba abin da zan ɗaura, ba abin da zan gyara?"

"Shi ke nan."

Jama'a, bai taɓa jin kansa ba shi da amfani irin na ranar ba. Ga sifana, ga jak, ga akwatin kaya cike, babu ɗaya da zai yi masa rana. Yana durƙushe cikin rana, jini na ratsa yatsunsa, jikin karen na karkarwa. Zuciyarsa na ce masa leƙa ka gani, ya cije leɓe ya ƙi.

Baba ya rarrafo har ya sami kan karen, yana shafawa. "Idan ya tafi, ni ma na zauna ke nan," ya faɗa a hankali.

 Tsoro ya cika Nan-Take, ga kunya, don ya san wanda ya jingine gilashin.

Da likita ta iso, ta durƙusa ta ce, "To, saki." Ya kasa. Yatsun sun sandare, sai da ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga rigar a hankali, ta daɗe tana dubawa.

"Ya tsaya. Zai sha ɗinki, zai yi ɗingishi, amma zai tashi."

"Me ta ce?" in ji Baba.

Nan-Take ya buɗe baki, sai kuka ya ƙwace masa, gaban yaran gareji da kowa. Tsohon ya lalubo wuyansa ya jawo shi jikinsa.

Darasi: Ba kowace matsala ake warwarewa da gaggawa ba, wata sai an danne an yi haƙuri. In dabba ta ji ciwo, kare kanka daga cizo, danne ciwon da ƙyalle mai tsabta, kada ka yi ta ɗagawa, kada ka zuba abin da ba ka sani ba, ka nemi likitan dabbobi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai buƙata.