Tsaka da Ƙwaƙwalwar Aro

An ce a wani gari da ke gindin madatsar ruwa an yi wata injiniya mai suna Ladidi. Ita ke kula da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ke buɗe wa masu noman rani ƙofofin ruwa. Da aka ƙara sababbin ƙofofi a ƙarshen magudana, irin waɗanda ba a murɗa su da hannu, sai ya zama tsohuwar manhajar ba ta san da su ba, dole a harhaɗa sabuwa. Shinkafar mutanen can kuwa ta fara yaushi.

Don sauri, Ladidi ta ɗora wa kwamfutar ayyuka huɗu lokaci guda. Duk sa'ad da aka kai tsakiya sai ƙwaƙwalwar kwamfutar ta cika, allo ya nuna an kashe aikin. Da ta gaji, ta yanki wani sashe na katin ajiya ta mai da shi ƙwaƙwalwar aro, abin da masu sana'ar ke kira suwaf. Katin nan shi kaɗai ne, kuma a kansa tsohuwar manhajar take. Aikin ya daina mutuwa, amma bai ci gaba ba. Fitilar katin sai ƙyaftawa take tun hantsi har azahar.

Tana zaune ta yi tagumi, sai wata tsaka da ke shan ɗumi a bayan akwatin kwamfutar ta leƙo ta ce, "Injiniya, kafin ki ciro takalmi ki buge ni, ki ji abin da ya sami Tanimu tela."

Ladidi ta ce, "Ko ƙarfin cire takalmin ba ni da shi. Me ya same shi?"

Tsaka ta ce: Tanimu tela ne mai ɗan tebur, wanda riga ɗaya ke cika shi. Da Sallah ta matso ya karɓi ɗinki fiye da ƙima, ya yanka riguna huɗu tare. Teburin bai ɗauka ba, sai ya je wurin maƙwabciyarsa, tsohuwa Tabawa, ya ce, "Iya, ara mini ɗakin hatsinki in riƙa ajiye ƙyallaye."

Ta ce, "Ɗan nan, ƙyauren ɗakin na kara ne, ya girme ka. Zauna ka ji labarin mijina Barau, mai fito."

Ya ce, "Iya, sauri nake."

Ta ce, "Shi ma haka yake cewa. Barau yana da ɗan kwalekwale, ba ya iya mai da fasinja baya. Kullum sai ya loda har ruwa ya kai baki. In sun kai tsakiyar kogi jirgi ya fara sha, sai ya duba kayan da ya fi nauyi ya jefa. Ran nan dutsen niƙa ne, wanda garinmu duka ya aika a sayo. Aka iso da kaji da tabarmi lafiya lau, babu abin da aka je dominsa. Da surutu ya ishe shi, sai ya ɗaure gorunan masunta a bayan jirgi, ya riƙa ɗora ragowar kaya a kansu. Ba ya jefar da komai kuma. Sai dai jirgin ya daina tafiya: ya tuƙa, goruna su ja shi baya, ya koma ya gyara igiya, ya dawo ya tuƙa. Igiyar tana goga gefen jirgi har ta cinye katakon. Mu muna tsaye a gaɓa muna kallo jirgin ya buɗe. Shi ya fito da iyo, jirgin bai fito ba. Wurin aro ba ya ƙara wa jirgi girma, ɗan nan."

Tanimu ya yi dariya ya ce, "Iya, ai ni a tudu nake." Ya kwashi ƙyallaye ya kai ɗakin. Daga nan in yana neman hannun riga, yana can. In ya ɗauko, wuyan yake buƙata, shi ma yana can. Ya wuni yana ratsa tsakar gida, keken ɗinki na zaune shiru. Buɗe, rufe, buɗe, rufe, har ƙyauren ya zube. Awaki suka shiga, suka tattake yadin mutane, suka cinye hatsin tsohuwa. Ranar Sallah ba riga ko ɗaya, Tabawa kuma ba tuwo.

Tsaka ta ɗaga kai ta dubi fitilar. "Kowace ƙyaftawa buɗe ƙyaure ce, Injiniya. Hatsin da ke ciki kuma ba naki ba ne."

Ladidi ma ta dubi fitilar. Ta san kati irin wannan yawan rubuta bayanai a kansa ke cinye shi; ta karanta, ta ma koyar. Ta ce, "To in mai da shi aiki ɗaya?"

"Da safe ya kamata. Yanzu katin ya sha wuya, ban ce zai kai ba. Ki kai aikin birni, babbar kwamfuta ta harhaɗa, ki dawo da shi a sabon kati."

"Shinkafar ƙarshen magudana ba za ta jira ni ba."

"Ba za ta jira ba. In katin ya mutu kuwa, ta farkon magudana ma ta bi ta."

Ladidi ta daɗe tana neman wata hanya a ranta, ba ta samu ba. Ta ce, "Na ji." Ta tsai da aikin, ta cire ƙwaƙwalwar aron, ta sake kunna kwamfutar. Allo ya jero ƙorafi a kan katin, sannan da ƙyar tsohuwar manhajar ta tashi, tsofaffin ƙofofi suka buɗe.

Ta yafa mayafinta ta bi gefen magudana a ƙasa, ruwa na rakiyarta har inda ya tsaya. Can gaba manoman ƙarshen magudana, waɗanda ta zo gaya wa ba ruwa yau, na zaune a kan kunya. Da suka hango ta suka miƙe suna karkaɗe riguna, wani dattijo har ya fara murmushi, ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya. Mu buɗe bakin gonaki?"