Tambai Ta Kama Sunan Ɗan Farinta

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya wartsake.

Ta zo mu ji ta, in ba ƙarya za ka shirga mana ba.

Ƙarya? Ni da na hau bishiya na ga komai!

Wata mata ce, Tambai, tana da ɗan fari, Barmo. Kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da ta haife shi, sai dai ta ce "wancan".

Ran nan Barmo ya je su a kogi, sai wani tsohon kada ya cafke masa ƙafa. Gari ya taru a bakin kogi. Sai kada ya ce ta gefen baki, "Uwarsa ta kira sunansa gaban kowa, in sake shi." Ya san halin garin, ya riga ya fara lasar baki.

Sai kawun yaron ya ce, "Barmo!"

Kada ya ce, "Kai ka haife shi, mai gemu?" Ya ja shi, ruwa ya kai gwiwa.

Sai gwaggonsa ta ja mayafi, ta maƙe murya, ta ce, "Barmo!"

Kada ya ce, "Wannan muryar ba ta yi naƙudarsa ba." Ya ja shi, ruwa ya kai ƙirji.

Sai Tambai ta yunƙura. Mata suka riƙe mata zane. "Kul, Yaya! Za ki ja mana abin faɗa. Har jikokinki sai an goranta musu."

Ta ce, "In ya nutse, jikokin daga ina?"

Ta fizge, ta shiga ruwa, ta buɗe maƙogwaro: "Barmo! Barmo nawa, fito!"

Kada kansa ya saki baki don mamaki, ya ce, "A'a! Yau ga marar kunya!" Barmo ya zare ƙafa, ya yi tudu.

Sai mai unguwa ya gyara rawani, ya ce, "Tambai, kin yi abin kunya."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na yi, gobe ma in yi. Ku da kuka zo da mashi a hannu, kuka tsaya kallo, naku me ake ce masa?"

Ta juya ta ce da ƙarfi, "Barmo, wuce mu tafi gida."

Ƙurunƙus, kan kusu ya gasu, ni na cinye. Abin kunya shi ne a ci ɗanka kana gyaran mayafi.