Dokar Gwiwa ta Zabuwa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

A wani gari, Kura ce ke riƙe da tafki. Ba mai shan ruwa sai ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe." Gwiwoyin dabbobi duk sun yi kanta.

Rannan Zabuwa ta haye turmi, ta ɗaga wuya. "Ƙurƙet! Ƙurƙet! 'Yan'uwa, Kura ce ta haƙa tafkin nan?"

"A'a!"

Suka yi wa Kura ca, mai ƙaho da ƙaho, mai kofato da kofato. Kura ta ranta a na kare. Aka yi guɗa, kowa ya sha ruwa ya yi gyatsa.

Zabuwa, sabuwar shugaba, ta ce, "Daga yau gwiwa ta bar taɓa ƙasa!"

"Ta bari!"

To, kun san Raƙumi. Ya gaji, ya durƙusa zai huta.

"Ƙurƙet! Baba Raƙumi, wa kake gaisarwa?"

Raƙumi ya karkace leɓe. "Yo 'yar nan, ƙafafuna ke ciwo."

"Kewar Kura kake yi! A kore shi!"

Aka kore shi.

Ta leƙa akurki, ta tarar Kaza ta yi lamo kan ƙwai.

"Ƙurƙet! Yaya Kaza, me gwiwarki take yi a ƙasa?"

"Kwanci nake, ƙanwata."

"Haka munafukai ke cewa! A kore ta!"

Aka kore ta. Gari ya koma barci a tsaye, ana gyangyaɗi ana karo da juna.

Sai ga Ɗan Akuya, ko cibiyarsa ba ta bushe ba. Ai kun san ɗan akuya ba ya kai bakinsa ga nono sai ya durƙusa. Ya ko durƙusa zai sha.

"Ƙurƙet! Tun daga ciki aka koya masa bauta! In ya ƙara, har uwar a kora!"

Ɗan Akuya ya wuni da yunwa. Ya je gindin turmi ya tsaya, ya zuba wa Zabuwa ido.

Tana cikin jawabi, ƙwai ya taho mata. Ta matse. Ta ɗan rusuna.

"Mee! Inna Shugaba, gwiwa!"

Ta miƙe zumbur. Ta yi gumi, ta sake rusunawa.

"Mee! Gwiwa!"

Ido ya raina fata. A tsaye ƙiƙam ta saki ƙwan. Fas! Ya tarwatse a gindin turmi.

Ta dubi gwaiduwa, ta dubi jama'a. Ga wani ƙwan kuma yana tafe. Fir! Ta faɗa cikin ciyawa.

Gari duka ya zube ƙasa, ana "Wash! Wash!" Ɗan Akuya ya durƙusa, ya kama nono, yana kaɗa wutsiya.

Shi ya sa har gobe zabuwa sai ta ɓuya a daji take yin ƙwai, kada a ga gwiwarta.

Wanda ya kori mugu, ya kula kada ya fi shi takura wa mutane.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Kai mai gyangyaɗi, kwanta abinka, Zabuwa ba ta nan.