Tafinta Tsakanin Uwa da 'Yarta

Akwai wata 'yar mishan mai suna Luzviminda, mutuniyar Filifin, cocinsu ne ya turo ta nan Kampong Thom ta buɗe makarantar kwana ta yara kurame. Sunan ya yi wa mutanenmu tsawo, sai kowa ya tsaya a kan Malama Luz.

Matar nan ba ta da ƙyuya, wannan kam ko wanda ba ya sonta zai shaida. Ita ce koyarwa, ita ce cire wa yara ƙwarƙwata, ita ce goya marar lafiya a babur zuwa asibiti. Sai dai akwai ta da kafiya. In ta ce ga yadda za a yi, to magana ta ƙare.

Babbar dokarta ita ce ba a yin "hannun ƙauye" a makarantarta. Kowane kurman yaro yakan zo da 'yan alamun da suka ƙirƙira shi da mutanen gidansu. Malama Luz ta ce wannan kame-kame ne, kuma muddin yaro yana riƙe da shi ba zai iya maganar hannu ta gaskiya ba. Duk wanda ya yi, sai ta kama hannun ta sauke, ta nuna masa daidai.

Wata shekara wata mata mai suna Sokhom ta kawo 'yarta Kunthea, tana da shekara bakwai. Mijin Sokhom, Vuthy, hawan giginya yake yi ya taro ruwanta, ita kuma ta dafa mazarƙwaila ta kai kasuwa. Ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma ita da 'yarta sukan wuni suna hira da hannunsu na ƙauye, har da gulmar maƙwabta.

Da farko Sokhom tana yawan zuwa ziyara. Duk ranar da ta zo, yarinyar sai ta yi ta kuka bayan tafiyarta, ta koma tsofaffin alamunta na kwanaki. Malama Luz ta gaji, ta tare Sokhom a bakin ƙofa.

"Yaya, ki ɗan rage zuwan nan. Duk abin da na gina a wata guda, kina zuwa yake rushewa."

"To, Malama, ke kika san aikinki," in ji Sokhom. "Amma ni ba za a koya mini irin hannun naku ba?"

"Za a yi ajin iyaye nan gaba. Yanzu aiki ya yi mini yawa."

Sokhom ta ajiye ƙunshin mazarƙwailar da ta kawo, ta tafi. Ta kuwa rage zuwa kamar yadda aka ce mata. Ajin iyaye dai shiru, kun san halin "nan gaba".

Kunthea ta fito yarinya mai ƙwaƙwalwa. Ta iya karatu, ta iya rubutu, in baƙi sun zo coci ranar Lahadi ita ake sawa gaba ta yi waƙa da hannu. Malama Luz tana alfahari da ita, kuma ta cancanta.

A gida ne abin ya lalace. In ta je hutu, uwar ta ɗaga hannu za ta yi mata magana, sai yarinyar ta kama hannun ta sauke, sak yadda ake yi mata a makaranta. Ita kuma in ta yi nata, uwar ba ta gane komai. A hankali hirar ta mutu. Sai dai a miƙa kwanon shinkafa, a gyaɗa kai.

Maƙwabta suka ce wa Sokhom, "Ke da 'yarki ta yi ƙiba ta yi fes, mene ne kuma na damuwa?" Ta ce ba komai.

Kunthea tana da shekara goma sha uku, wata safiya tsanin gora ya karye da Vuthy a saman giginya. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

A nan ƙona gawa ake yi, amma Sokhom ta ce ba za a ƙona ta ba sai 'yarsa ta zo, kuma ba ta yarda a aiki kowa ba. Ita da kanta ta hau babur ɗin haya ta zo makaranta. Aka fito mata da Kunthea daga aji.

Ta durƙusa gaban yarinyar. Ta nuna hawa, ta nuna faɗuwa, ta kwantar da tafin hannunta a ƙasa. Ta sake yi. Kunthea ta dube ta, ta ɗaure fuska, don ga ƙawayenta suna leƙe ta taga. Sannan ta juya wajen Malama Luz ta tambaya da hannu, "Me take cewa?"

Sokhom ta miƙe. Ta ce, "Malama, faɗa mata babanta ya rasu."

Malama Luz ta faɗa mata. Yarinyar ta tsaya kamar an dasa ta, sannan ta ruga ta faɗa jikin Malama Luz, ta ƙanƙame ta tana wani irin kuka mai fitowa daga ciki. Uwar tana tsaye a gefe, hannuwanta a sake.

Da kukan ya lafa, Sokhom ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Mijina ne ya mutu. 'Yata ce wannan. Amma a kafaɗarki take kuka. Na kawo miki yarinyar da mutum ɗaya tak take iya magana da shi a duniya. Yanzu tana magana da kowa, ban da ni."

Malama Luz ta sha wa'azi a kan masu raba abin da Allah ya haɗa, ba ta taɓa kawo kanta a ciki ba. Ranar kunya ta kama ta ƙwarai.

Bayan an gama zaman makoki, Kunthea ta koma makaranta. Wata Asabar sai ga Malama Luz a ƙauyen, babur ɗinta duk taɓo. Ta tarar da Sokhom a ƙarƙashin gidanta da ke kan dirkoki tana juya tukunyar mazarƙwaila, don yanzu sayen ruwan giginyar take yi wajen wasu.

"In addu'a kika kawo, Malama, ina da tawa."

"Ba addu'a na kawo ba, Yaya. Ajin iyaye na kawo."

"Oh, yau ce nan gaban?"

Malama Luz ta haɗiye wannan, ta nemi wuri ta zauna.

Karatun bai zo da sauƙi ba. Yatsun Sokhom sun ƙage da aikin wuta da itace, ba sa lanƙwasuwa yadda ake so. Abin da aka koya wannan Asabar, kafin wata ta zago ya gudu. Matan unguwa kuma suka samu abin kallo.

"Sokhom, sauro kike kora ko rawa kike koya?"

"Ku bar ni, zagin ku nake koya, yadda ba za ku ji ba."

Sau da yawa hannun Malama Luz yakan tafi zai kama na Sokhom ya sauke, sai ta tuna ta janye. Sokhom ta lura.

"Kama mana, Malama. Ai kin saba."

"Na daina, Yaya. Sake yi, kin kusa."

Haka suka ci damina guda, wata ranar ruwa ya tare hanya sai Malama Luz ta ajiye babur ta shigo da ƙafa. Sokhom ta roƙe ta kada ta gaya wa yarinyar komai, ta kuwa riƙe alkawari.

Da hutun bikin tunawa da magabata ya zo, Malama Luz ta goyo Kunthea ta kawo ta gida. Yarinyar ta sauka, ta haɗa tafukan hannu ta gaida uwarta, za ta wuce sama da jakarta kamar kullum.

Sokhom ta taɓa kafaɗarta. Ta goge hannu a zani, ta yi maganar a hankali da hannu irin na makaranta.

"Kin rame. Ba kya cin abinci?"

Jakar ta suɓuce daga hannun Kunthea. Ta waiga wajen Malama Luz kamar yadda ta saba, ta ga ta harɗe hannuwa. Ta dawo da ido kan uwarta, ta fara zuba magana da sauri.

"A hankali," in ji hannun Sokhom. "Ni tsohuwa ce."

Kunthea ta tsaya. Ba murna ce a fuskarta ba, fushi ne, tsohon fushi. Ta yi tambayar ɗaya bayan ɗaya yadda uwar za ta gane.

"Ina ƙarama. Ina jiranki a bakin ƙofa. Me ya sa kika daina zuwa?"

Malama Luz ta ga tambayar, ta kuma san amsar tana wuyanta. Ta warware hannuwa ta matso za ta yi bayani.

Sokhom ba ta ko dube ta ba. Da baki ta yi mata magana.

"Malama, juya baya. Wannan tsakanina da 'yata ne."

Malama Luz ta juya baya. Ta tsaya tana kallon gonakin shinkafa, ba ta jin komai sai motsin hannuwa da jan hanci. Ta daɗe a haka, ba wanda ya kira ta. Har yau ba ta san amsar da Sokhom ta bayar ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Darasi: Taimakon yaro mai naƙasa aikin lada ne, amma kada alherinka ya raba shi da waɗanda suka riga ka sonsa. In ka koya wa yaro abu, ka koya wa uwarsa, in kuma ka ga sun samu juna, ka matsa gefe. Ku tura wa malamai da masu aikin jinƙai da kuka sani, wataƙila akwai uwar da ke tsaye a bakin ƙofarsu tana jiran "nan gaba".