Rijiyar Dattijo Chimwaza

Akwai wani dattijo a wani ƙauye na bakin kogin Shire, Chimwaza sunansa. Ba shi da abin taƙama a duniya kamar rijiyar da mahaifinsa ya haƙa a tsakar gida.

A shekarar fari, da masara ta ƙone a gona, rijiyoyin gari suka ƙafe, tasa kaɗai ta rage. Kowa a nan ya sha. Tun daga lokacin kan dattijo ya kumbura, ba a isa a faɗi aibin ruwansa ba.

Sai ruwan sama ya ɓalle. Ƙasa ta riga ta ƙeƙashe, ba ta iya shanye shi ba. Kogi ya yi ambaliya, masai na unguwa suka cika suka tumbatsa, ruwan ya bi ta tsakar gidaje har bakin rijiya. Da ya janye, laka ta kwanta, rijiya ta koma garau.

Ana haka 'yarsa Tadala ta zo daga birnin Blantyre duba shi, da ɗanta Dalitso, ɗan shekara huɗu. Tana riƙe da jarkar dafaffen ruwa.

"Wannan fa?" in ji dattijo.

"Na yaro ne, Baba. An ce cutar amai da gudawa ta ɓulla a ƙetaren kogi. Ku ma ku riƙa tafasawa."

"Iye! Gidan ubanki za ki zo da guzurin ruwa? Ruwan da ya raine ki yau shi ne ƙazanta? Leƙa ki gani, har fuskarki za ki hango!"

"Baba, abin ba a ganinsa da ido."

Ina! A gidansu baƙo ba ya ƙin ruwan maraba, ballantana jika. Ya karɓe jarkar ya tuttular wa kaji. Ya zura guga, ya cika moɗa, ya ɗora yaron a cinya.

"Sha, ɗan birni, ragon maza. Ka ji ruwan kakanka."

Dalitso ya shanye yana dariya, har ya ce a ƙara. Tadala ta sunkuyar da kai, kunyar uba ta hana ta ƙwace moɗar.

Kwana biyu ba a yi ba yaro ya fara zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai ba tsayawa. Idanu suka faɗa. Aka nufi asibiti, ashe ambaliya ta cinye gada. Kafin a samo kwalekwale rana ta yi tsaka.

A kan cinyar da ya sha ruwan, a nan ya cika, suna tsakiyar kogi. Abu na ƙarshe da ya ce shi ne, "Kaka, ƙishirwa."

Wallahi abin da ban tausayi. Tadala ba ta zagi uban ba, ba ta ma dube shi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Bayan an binne yaron, maƙwabta suka ji ƙarar shebur. Dattijo ne shi kaɗai yake ɗura wa rijiyar ubansa ƙasa, yana kuka. Babu wanda ya iya ce masa ya bari.

Darasi: Ruwan da ya cece ka a fari yana iya kashe ka bayan ambaliya. Hasken ruwa ba tsabtarsa ba ne, a tafasa ko a sa magani. Kuma in na ƙasa da kai ya gargaɗe ka, ajiye girman kai ka saurara. Ku tura wa 'yan uwa tun kafin damina ta kankama.